Agogon Alfarma da Shingen Kwastam: Gargaɗi ga Masu Zagaya Turai a Mota

Zagaya ƙasashen Turai a mota ya zama abin yayi a tsakanin masu hali, inda mutum zai sauka a Faris ko Frankfurt, ya ɗauki hayar mota, ya ratsa ƙasa uku ko huɗu, sau da yawa ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ya nemi fasfo ba. A cikin masu irin wannan tafiya akwai 'yan kasuwa da likitoci da ɗalibai daga Najeriya da Nijar, da kuma waɗanda zama ya riƙe a Jamus da Faransa da Italiya, kuma da wuya su gifta ta Suwizalan ba su leƙa kantin agogo ba, tunda a can ne manyan masu ƙera shi suke: Rolex da Patek Philippe a Jeniba, Omega a Biel, Audemars Piguet kuma a ƙauyen Le Brassus da ke kwarin Joux, dab da iyakar Faransa. Sayen agogo mai tsada ba laifi ba ne, kowa da inda yake sha'awar zuba dukiyarsa. Abin takaici shi ne yadda mutumin da ya iya tara kuɗin agogon yake kasa tsayawa ya san dokar tsallakawa da shi iyaka, har ya wayi gari a ofishin kwastam yana amsa tambayoyi irin na ɗan fasa-ƙwauri.

Tushen matsalar shi ne haɗa tsari biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne tsarin Shengen, wato yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye na Luksambag mai wannan suna, wadda ta ɗauke binciken fasfo na yau da kullum a tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta, kuma Suwizalan ta fara aiki da ita a ƙarshen 2008. Na biyu shi ne haɗin kwastam na Tarayyar Turai, wanda ya mayar da ƙasashen tarayyar kasuwa guda da kaya ke yawo a cikinta ba haraji, kuma Suwizalan ba ta cikinsa domin ba ta cikin tarayyar. Saboda haka iyakar Suwizalan da Jamus ko Faransa ko Italiya a buɗe take ga mutum, amma ga kaya tana nan daram. Wanda ya shiga Tarayyar Turai ta hanyar mota an yafe masa haraji a kan kayan da jimlar kuɗinsu ba ta wuce Yuro 300 ba, wanda ya shiga ta jirgin sama ko na ruwa kuma Yuro 430. Mai shiga Suwizalan, tun daga watan Janairun 2025, abin da aka yafe masa farank 150 na kuɗin ƙasar ne kacal. Babu agogon alfarma da zai shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗannan adadi, maɗaurinsa kaɗai ma ya fi su.

Ɗabi'ar da ta fi jefa matafiya cikin wahala ita ce ta ɗaura sabon agogo a hannu a wuce shiru. Yadda abin yake gudana sananne ne: a tashar hutawa ta ƙarshe kafin iyaka, mai mota zai tsaya ya ɓare ledojin da ke manne a jikin agogon, ya cire alamar farashi, ya ɗaura shi, ya ja hannun riga ya rufe, sa'an nan ya cusa akwatin a ƙarƙashin tayar safaya ko ya aika da shi gida ta gidan waya fanko, ya naɗe rasit ya sa a aljihun jakar matarsa. Hujjar da ake kafawa ita ce wai abin da ke jikin mutum ya zama kayan sawarsa, ba ruwan kwastam da shi. Wannan magana ba ta da tushe a doka, domin abin da ake dubawa shi ne inda aka sayi kaya da kuma ko an biya masa haraji a yankin da ake shiga da shi, kuma ɗaura agogo a wuyan hannu bai sauya ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mai wannan dabara ya kan manta cewa jami'in da ke tsaye a Bardonnex kusa da Jeniba, ko a Weil am Rhein kusa da Basel, ko a Chiasso a kan hanyar Milan, aikinsa ke nan safe da yamma, kuma ya san bambancin maɗaurin ƙarfe da ya sha gogayya da wanda ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinsa. Kowane agogo na wannan aji yana da lambarsa ta musamman, katin garantinsa yana ɗauke da ranar saye, katin bankin mai shi kuma ya riga ya rubuta inda aka cire kuɗin. Mafi ban mamaki a cikin masu wannan dabara shi ne wanda zai tsaya a tagar kwastam ta Suwizalan a buga masa hatimin fitar da kaya domin a mayar masa da haraji, sa'an nan ya tada mota ya wuce tagar Jamus ko Faransa da ke 'yan taku kaɗan daga nan, alhali da hannunsa ya bar shaidar cewa agogon ya fita ta wannan ƙofa a wannan rana. Wucewa shingen lafiya ma bai kashe magana ba, domin jami'an sintiri suna tare motoci a cikin ƙasa, kuma a Jamus doka ta ba su damar bincike a faɗin kilomita 30 daga iyakar tudu ba tare da sun bayar da wani dalili na zargi ba.

Hukumomin waɗannan ƙasashe ba sa ɗaukar rashin bayyana kaya a matsayin mantuwa, suna ɗaukarsa a matsayin ƙin biyan haraji, wanda laifi ne da ake buɗe wa fayil. A 2013 jami'an kwastam na filin jirgin Munich suka tare Karl-Heinz Rummenigge, shugaban gudanarwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bayern Munich a lokacin, ya dawo daga Katar da agogon Rolex guda biyu da bai bayyana ba, kuma bayanin cewa kyauta aka ba shi bai hana a ci shi tarar Yuro 249,900 ba, domin kyauta ma ana biya mata haraji idan ta wuce adadin da aka yafe. A watan Janairun 2024 kuma, a wannan filin jirgin dai, an tsare Arnold Schwarzenegger, ɗan wasan fim kuma tsohon gwamnan Kalifoniya, na kimanin awa uku saboda agogon Audemars Piguet da ya zo da shi domin a yi gwanjonsa a wani taron tara kuɗin agaji a Ostiriya. Dokar da ta kama su a filin jirgi ita ce ke aiki a kan titi, sai dai ma adadin da aka yafe wa mai mota ya fi ƙanƙanta. Idan suna da matsayi ba su hana a tsare waɗannan mutane ba, baƙon da ke riƙe da bizar wata uku, wanda kuma zai so a sake ba shi wata, ya kamata ya yi wa kansa faɗa.

Abin haushin shi ne ribar da ake wannan kasada dominta ba ta taka kara ta karya ba. Harajin VAT, wato harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan kaya kuma mai saye na ƙarshe ke biya a cikin farashi, kashi 8.1 cikin ɗari ne a Suwizalan tun daga 2024, alhali a Jamus kashi 19 ne, a Faransa 20, a Italiya 22. A ɗauka agogo ne na farank 10,000: tunda harajin yana cikin farashin, abin da za a iya mayarwa bai wuce kimanin farank 750 ba, kafin kamfanin da ke shiga tsakani ya cire ladarsa. Idan mai agogon mazaunin Jamus ne, to da ya shiga gida wajibi ne ya biya kashi 19 na ragowar kuɗin, abin da ya haura farank 1,700, ko da yake harajin kwastam ɗin kansa a kan agogon hannu bai kai Yuro ɗaya ba. Ke nan mazaunin tarayyar da ya bi doka da wuya ya ga wani rangwame na a zo a gani, wanda kuma ya ƙi bi ya sa agogon da sunansa duka a caca, garin neman ƙiba ya samo rama. Baƙon da ke zaune a Kano ko Yamai, wanda ratsawa kawai zai yi ya hau jirgi a Faris, matsayinsa dabam ne, domin akwai tsarin shiga da kaya na wucin gadi, amma shi ma hanyar tsira ita ce ya tsaya ya nuna agogon da takardunsa, jami'i ya faɗa masa abin da ya hau kansa, ko da kuwa ajiyar kuɗi ce za a nema wadda za a mayar masa idan ya fita.

Akwai kuma sakaci na biyu, wanda ya fi shafar baƙi, shi ne rasa hatimin da ake mayar da haraji da shi. Ƙa'idar ita ce kantin ya cike takardar fitar da kaya da sunan mai saye da lambar fasfonsa, sa'an nan kwastam su tabbatar da ita a wurin da kayan suka bar yankin harajin, kuma ga mai tafiya a mota wannan wuri yawanci a kan titi yake, tun kafin a kai filin jirgi. Wanda ya sayi agogo a Jeniba ya tuƙa zuwa Faransa, hatimin Suwizalan a bakin iyaka zai same shi, babu mai buga masa shi a Faris. Wanda ya saya a Milan ya tuƙa zuwa Zurich domin ya hau jirgi daga can, ya bar Tarayyar Turai tun a Chiasso, kuma a nan ne ya kamata jami'an Italiya su tabbatar masa da takardarsa, sa'an nan ya bayyana agogon ga na Suwizalan. Da yawa suna bin taswirar waya ta kai su wata ƙaramar hanya ta cikin duwatsu inda babu jami'i ko ɗaya, ko su iso cikin dare ofis a rufe, su ce ai a gyara daga baya, alhali gyaran daga baya wahala ce da ba kowa ke cin nasararta ba. Jami'i yana da ikon ya ce a nuna masa agogon, don haka wanda ya riga ya aika da shi gaba ko ya binne shi a ƙasan kaya ya ɓata wa kansa. Dokar tarayyar ta ce a fitar da kayan kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da aka saya, Suwizalan kuma ba ta mayar da haraji a kan cinikin da bai kai wani adadi da ta ƙayyade ba. Birtaniya kuwa ta soke wannan tsari ga masu yawon buɗe ido tun daga farkon 2021, saboda haka mai shirin saye a Landan kada ya sa shi a lissafi.

Wurin saye ma yana buƙatar nutsuwa. Wasu samfuran Rolex da Patek Philippe ba a samunsu a kantin wakilin kamfani sai an shiga layin jira, kuma wannan ne ke tura matafiyi mai gaggawa hannun dillalan da ke cewa suna da shi nan take. Agogon da aka riga aka yi amfani da shi ya kamata a binciki lambarsa a rumbunan da ke ajiye bayanan agogunan sata, irin su The Watch Register, kafin a biya, a kuma tabbatar katin garanti na wannan agogon ne, tunda Rolex da Omega duk shekara biyar suke bayarwa daga ranar sayen farko. Jabu kuwa ko da sani aka saye shi ba wasa ba ne: a Italiya mai saye ma ana cinsa tara, kwastam na Faransa suna ƙwacewa su ci tara, na Suwizalan kuma tun 2008 suna da ikon ƙwace shi ko da na amfanin kai ne. Mai ɗauke da tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 wajibi ne ya bayyana ta a lokacin shiga ko fita daga tarayyar, kuma ƙetarawa zuwa Suwizalan fita ce, kamar yadda Najeriya ma ta wajabta bayyana abin da ya wuce Dala 10,000. Barin agogo a cikin motar haya da aka ajiye a tashar hutawa ganganci ne tsantsa, domin inshorar tafiya ta gama-gari tana ƙayyade abin da take biya a kan kaya guda, kuma yawanci ba ta ɗaukar asarar abu mai daraja da aka bari a mota babu kowa.

Saboda haka wanda ya ƙuduri sayen agogo a irin wannan tafiya ya fara da tsara hanyarsa kafin ya shiga kanti. Ya san ƙasar da zai saya da ƙofar da zai fita, ya zaɓi babbar iyaka mai jami'ai a ɓangarori biyu, ya isa da rana, ya ajiye agogon a akwatinsa tare da rasit da katin garanti da fasfo a inda hannu zai kai gare su ba sai an sauke kaya ba, ya tsaya a taga ta farko a buga masa hatimi, ya tsaya a ta biyu ya bayyana. Idan zai yiwu, ya bar sayen zuwa ƙasar da zai hau jirgi daga cikinta, domin hakan ya rage masa iyakokin da zai tsallaka da shi. Takardun nan kuma ya adana su bayan ya koma gida, inda kwastam na ƙasarsa su ma suke da hakkinsu a kan sabon kaya mai tsada, domin duk ranar da ya sake tafiya da agogon a hannu, su ne kaɗai shaidar da za ta nuna cewa ba a wannan tafiyar ya saye shi ba.