Daga Ɗan Kassari zuwa jami'o'in waje: shirin tafiya aikin bishara

A ƙasar Arewa, daga Ɗan Kassari zuwa Dogon Dutsi da Tibiri, Musulmi ne mafiya yawa, amma akwai Azna na Lugu, garin Sarauniya, akwai kuma Kiristoci ƴan kaɗan. Cikin ƴaƴan Kiristocin nan da suka yi karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Doso wadda aka kafa a 2014, akan samu wanda ikilisiya ke son aikawa waje ya yi sitaj tsakanin ɗalibai. Maganar ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikata, don sau da yawa daga aljihunsu guzurin ke fitowa.

Aikin yana da asali. Mishan ɗin SIM ya shigo Nijar a 1924 ta Damagaram, ya buɗe asibitin Galmi a 1950. A 1947 aka kafa IFES, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta duniya. A Nijar GBEEN ce reshenta, a Najeriya kuwa NIFES, wadda ta samu a 1968. A Ingila ƙungiyar UCCF tana da sitaj na wata 10 mai suna Relay, a Faransa kuma GBU tana da irinsa. Ɗan sitaj yana jagorantar karatun Littafi Mai Tsarki, yana tarbar sababbin ɗalibai, yana ziyartar marar lafiya da wanda kewar gida ta dama. Shi kansa yana ƙarƙashin wani babba mai horar da shi.

Abin da iyaye ya kamata su fara sani shi ne, galibi wannan aiki ba na albashi ba ne. Yaro shi zai nemi masu tallafa masa: ikilisiyarsa, dangi da abokan arziki. Tun da yuro 1 yana daidai da sefa 655,957, yuro 1.000 ya kama kusan jaka 656. Saboda haka kafin a sayar da sa ko a taɓa rumbu, a nemi takarda daga ƙungiyar da ta gayyace shi, mai bayyana wa zai biya masauki, abinci, asibiti da kuɗin jirgin dawowa. Duk wanda ya ce a aiko masa da kuɗi tukuna, takarda ta biyo baya, a yi hattara da shi.

Sai batun takardu, inda al'amura suka sake. An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka kada a dogara da labarin wanda ya yi tafiya shekarun baya. A tambayi inda ake neman biza da irin wadda ta dace da ɗan sa kai, a yi fasfo da wuri, a riƙe katin allurar shawara.

Na uku, dokar ƙasar da za a je. Ɗaliban Nijar da yawa suna karatu a Maroko da Aljeriya, alhali dokokin ƙasashen nan biyu sun hana jawo Musulmi zuwa wani addini. A Aljeriya dokar 2006 ta tanadi ɗauri da tara. Wanda ya je bai sani ba, yana iya jawo wa kansa kora, ya kuma ja wa ɗaliban da suka karɓe shi.

Akwai guzurin da ɗan Arewa ya riga ya mallaka. Ya tashi gida ɗaya da kawu Musulmi, ya ci naman Salla, ya kai wa maƙwabta abincin Kirsimeti. Ya san yadda ake gaida babba, da yadda ake saɓa wa mutum a magana ba tare da an ci masa fuska ba. A ɗakunan kwanan jami'a, inda ƙabilu da addinai ke cakuɗe, wannan ladabi yana da amfani ƙwarai.

A ƙarshe, tun kafin a yi ban kwana a tasha, ikilisiya da iyaye su zauna da yaro su yanke ranar dawowarsa da aikin da zai tarar a gida. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.