Candida auris: Ƙwayar cutar da ke bin jinin majinyata a ɗakunan kulawa ta musamman

A shekarar 2009 likitoci a Japan suka gano wata baƙuwar ƙwayar cuta a kunnen wata dattijuwa, suka raɗa mata suna Candida auris, domin “auris” na nufin kunne a harshen Latin. A yau ta bazu a asibitocin ƙasashe da dama, daga Indiya zuwa Afirka ta Kudu da Kenya da Amurka, kuma a 2022 masu bincike suka ba da rahoton samun ta a jinin majinyata a Najeriya.

Dangin fumfuna ce, kamar ƙwayoyin da ke haddasa makero da kyasbi, don haka magungunan kashe bakteriya ba sa yi mata komai. Mai ƙoshin lafiya na iya ɗauke da ita a hammata ko matsematsi ba tare da ya ji ko da ƙaiƙayi ba. Haɗarin yana kan wanda ciwo ya riga ya kayar: wanda aka yi wa babbar tiyata, ko aka jona wa na'urar taimakon numfashi, ko aka zura wa bututu a babbar jijiya. Ta irin waɗannan kafofi take shiga jini. Hukumar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta ce kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda ta shiga jikinsu sun mutu, ko da yake da yawansu suna fama da wasu manyan cututtukan tun farko.

Manyan rukunan magungunan da ake yaƙar irin wannan cuta da su uku ne kacal. A Amurka kusan kashi 90 cikin ɗari na samfuran da aka gwada ba sa jin fluconazole, wanda shi ne mafi araha da sauƙin samu. Rukunin echinocandin da likitoci ke farawa da shi yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a sahun farko na jerin ƙwayoyin fumfuna 19 mafiya haɗari.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne juriyarta a wajen jikin mutum. Takan yi makonni a kan ƙarfen gado da katifa da kayan awo, kuma wasu sinadaran goge-goge ba sa kashe ta, sai irin masu ɗauke da kilorin. A wani asibiti da ke Oxford ta Ingila, majinyata 70 suka ɗauke ta tsakanin 2015 da 2017, kuma bincike ya danganta yaɗuwar da ma'aunin zafin jiki da ake sa wa a hammata ana bi da shi gado-gado. Sai da aka janye na'urorin sannan aka shawo kanta.

Gano ta ma jan aiki ne. Alamominta zazzaɓi ne da rawar sanyi da ba sa sauka duk da maganin da ake bayarwa, kuma gwaje-gwajen da aka saba kan ɗauke ta a matsayin wata ƙwayar daban. Inda babu na'urorin tantancewa na zamani, ƙarancin rahoto ba shaidar ƙarancin cuta ba ne.

A asibitocin Najeriya, inda 'yan jinya ke juya majinyaci da wanke shi da ba shi abinci, wanke hannu ya rataya a wuyansu kamar yadda ya rataya a wuyan ma'aikatan jinya. Haƙƙinsu ne kuma su tambayi likita ko lokacin cire bututun jijiya ko robar fitsari ya yi, domin kowace ranar da ya ƙara a jiki haɗarin na ƙaruwa.