Uwargida, Wa Ke Kwashe Miki 'Yan Tsaki?

Uwargida, in kina kiwon kaji kin san wannan takaicin: kaza ta ƙyanƙyashe goma, kafin sati biyu saura huɗu. Kowa sai ya ce shaho ne. To, ba kullum ba.

Ki ɗaga kai ki dubi wutsiya. Shirwa ruwan ƙasa ce, wutsiyarta a rabe take kamar ta kifi, tana shawagi a hankali tana karkata ta hagu da dama. Ita ce mai fizge nama a hannun yaro in an aike shi mahauta. Da yake a sarari take yawo, kaza kan hango ta, ta yi kuka 'ya'yan su ɓuya. Shaho ya fi ta wayo. Laɓewa yake cikin darbejiya ko mangwaro, kafin ki ajiye muciya ya sure tsako ya yi gaba. Don haka ki kife su da kwando ko ki bar su a akurki har su yi ƙwari, kuma kada ki watsa musu tsaba a gindin bishiya.

Ungulu mai sanƙo kuwa ba ruwanta. Mushe take ci, faratanta ba su da ƙarfin surar tsako, ki hana yara jifanta. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. Kwanaki na tambayi ɗalibaina a Islamiyya wa ya taɓa ganinta, yara biyu kacal suka ɗaga hannu.