Albashi kaɗai ba ya isa: Yadda mata ma'aikata a Sorau da yankin Mubi za su tsaya da ƙafafunsu

A garin Sorau da ke Ƙaramar Hukumar Maiha a yankin Mubi na Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, aikin albashi da mace ta fi samu shi ne koyarwa a makarantar firamare ko aikin jinya da unguwarzoma a asibitin sha-ka-tafi. Samun irin wannan aiki babban abu ne, amma bai tabbatar da cewa mace ta tsaya da ƙafafunta ba. Abin da ke tabbatar da hakan abu biyu ne: takardar shaida da za ta riƙa ɗaga ta daga mataki zuwa mataki, da kuma dukiyar da ke rubuce da sunanta.

Mutanen yankin sun ga amfanin waɗannan abubuwa biyu da idonsu. A ƙarshen watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, daga baya rikicin ya shafi Maiha, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru. Dabbobi da kayan shago da kayan ɗaki ba su gudu tare da masu su ba. Kuɗin da ke asusun banki kuwa ana iya cire shi a wani gari, kuma takardar shaidar sana'a tana aiki duk inda mai ita ta sauka.

Matakan ƙarin girma

A tsarin aikin gwamnati, takarda ce ke yanke matakin da ma'aikaci zai fara. Mai shaidar malanta ta NCE kan fara ne daga mataki na 07, mai digiri kuma daga mataki na 08. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 07 da na 14 sai ya yi aƙalla shekara 3 kafin ya cancanci ƙarin girma, na mataki na 15 zuwa sama kuma shekara 4. Malamar da ta tsaya a kan takardar da aka ɗauke ta aiki da ita, wata rana za ta kai inda ba za ta iya wucewa ba, ko da ta fi kowa ƙwazo a aji.

Yin rajista da hukumar TRCN mai ba malamai lasisi wajibi ne ga duk mai koyarwa. Dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta kuma ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, don haka wadda ta ƙaro karatu tana da shekara 35 za ta daɗe tana cin moriyarsa.

Nisa da hidimar gida ne suka fi hana matan karkara komawa makaranta. Sai dai akwai hanyoyin da ba sa buƙatar barin aiki. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa, haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai cibiyar karatu a Yola. A Mubi akwai Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, sannan ga Kwalejin Ilimi a Hong. Ma'aikaciyar lafiya da ta fara da ƙaramar shaida ta JCHEW tana iya hawa zuwa CHEW, daga nan ta zama jami'ar lafiyar al'umma.

Muhimmin abu shi ne ta nemi izinin ƙaro karatu a rubuce daga hukumar da take wa aiki kafin ta fara, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wahalar shiga fayil.

Yankin yana da abin koyi. Farfesa Kaletapwa Farauta ta shugabanci jami'ar da ke Mubi kafin ta zama mataimakiyar gwamnan Adamawa a 2023, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a jihar.

Haihuwa ma ba dalilin rasa aiki ba ne. Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 a bakin aiki, yayin da ma'aikatan gwamnatin tarayya ke samun mako 16.

Inda kuɗi ke zama lafiya

A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma a watan Disambar wannan shekara Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, kuɗin da aka ɓoye a ɗaki na tsawon shekara ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai iya saye.

Adashi yana taimakawa wajen tara kuɗin makaranta ko sayen tumaki, amma ba ya haihuwa, kuma idan uwar adashi ta gaza babu hukumar da za ta biya. Ajiyar banki kuwa tana da kariyar hukumar NDIC, wadda tun 2024 take biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe, da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. Dole ne asusun ya kasance da sunan mai albashin, kuma lambar sirrin katinta ta zama tata ita kaɗai.

Ga mai son kuɗinta ya yi aiki, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa yana sayar da takardun lamuni na ƙananan masu ajiya tun 2017, ana shiga da naira 5,000, na tsawon shekara 2 ko 3. Mai gudun kuɗin ruwa tana da Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a wannan shekarar, da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Abin da ya kamata ta guje wa shi ne masu alƙawarin ninka kuɗi cikin kwanaki, irin MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda suka tafi da dukiyar dubban mutane.

Batun fansho ma bai kamata a bar shi sai ritaya ta gabato ba. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikacin tarayya ko na kamfani ya riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin kuma kashi 10, a asusun da ke da sunan ma'aikacin. Jihohi suna da nasu tsarin, don haka ma'aikaciyar jiha ko ta ƙaramar hukuma ta bincika wanda take ciki, ta kuma tabbatar ranar haihuwarta da ranar kama aikinta sun yi daidai a fayil. Masu sana'ar kansu suna da ƙaramin tsarin fansho da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019.

Amfanin iyali

Wasu na kallon dogaro da kai a matsayin tawaye ga miji. Shari'ar Musulunci kuwa ta tabbatar wa mace mallakar sadakinta da gadonta da abin da ta samu da guminta, dokar ƙasa ma ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin mallakar ƙasa da gida. Matar da ke da ajiya da sana'ar da ke ci gaba ita ce ke riƙe 'ya'ya a makaranta idan damina ta ƙi, ko maigida ya kwanta ciwo, ko ya rasu. A gidajen Sorau da suka dogara da noma da kiwo, albashinta ne kuɗin da ke shigowa kowane wata, ko rani ko damina.