Ɗaukar Hoton Mutane a Ƙauyukan Kudancin Kano Bayan Rikici

Masu binciken ilimi da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke shiga ƙauyukan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa kan ɗauki hotunan mutanen da suka tarar domin shaidar aiki, sai dai a yankin da aka taɓa zubar da jini, hoto na iya jefa mai shi cikin haɗari bayan mai kyamarar ya koma birni. A watan Satumba na 2007 rikici ya ɓarke a Tudun Wadar Ɗankadai, inda aka kashe mutane aka kuma ƙona majami'u, sannan a lokacin zaɓen Fabrairun 2023 an sake rasa rayuka a garin sa'ad da aka cinna wa ofishin jam'iyyar NNPP wuta. Ga kuma dajin Falgore, wanda shekarun satar shanu da garkuwa da mutane suka sa ake yi wa Fulanin rugagen gefensa kallon zargi, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ƙa'idar bincike ta gindaya sharaɗin yarda bisa sani, wato mutum ya san wanda ke ɗaukarsa, da inda hoton zai je, da cewa yana da ikon ƙi ba tare da ya rasa komai ba. A nan ne aikin yake da wuya, domin baƙo kan fara gaida hakimi ko dagaci, a haɗa shi da ɗan rakiya daga fada, kuma manomin da aka tsayar a bakin gonarsa ta masara gaban wannan ɗan rakiya zai ce "to" ne saboda kara da gudun a ce ya watsa wa manya ƙasa a ido. Izinin dagaci izinin shiga gari ne, bai kai ga fuskar kowa ba, haka ma izinin arɗo a ruga, ko na maigida a kan matan da ke cikin kulle.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tafiyar hoto bayan an ɗauke shi. Makiyayin da aka ɗauka da sandarsa a kafaɗa domin rahoto kan burtali, hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki, zai iya ganin fuskarsa tana yawo a Facebook da WhatsApp ƙarƙashin wani rubutu dabam da ke kiransa ɓarawon daji, a wurin da 'yan banga ke aiki da abin da suka gani a waya. Wayoyin zamani kuma sukan adana rana da ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, idan ba a kashe wannan tsari ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙarfafa shi, amma da wuya mutumin ƙauyukan nan ya bi sawun hotonsa har kotu, don haka nauyin yana wuyan mai ɗauka.

Mai bincike na ƙwarai yakan nemi yardar mutum a keɓe, ya nuna masa hoton a kan allon kyamara, ya goge shi nan take idan ya ga alamar ɗari-ɗari. Wasu kan kauce wa fuska su ɗauki rumbu ko ƙonannen bango, ko da yake a ƙauyen da kowa ya san gidan kowa, bangon ma yakan tona asirin wanda ya yi magana da baƙo.