AMFANIN MALAMIN HORO: LABARIN ABEBE BIKILA NA HABASHA

Mutane da yawa suna zaton gudu ba abin da za a koya wa mutum ba ne. A ganinsu, wanda Allah ya ba ƙafa ya ba shi, wanda bai ba ba kuwa, ko an kwana ana yi masa karatu ba zai tsere wa kowa ba. To, akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan duka ba. Ga labarin wani sojan Habasha da malaminsa, mai karatu ya duba da kansa.

An haifi Abebe Bikila a shekarar 1932. Da ya girma sai ya shiga rundunar masu tsaron Sarkin Habasha, Haile Selassie, a birnin Adis Ababa. A can ne ya gamu da wani Bature mutumin Suwidin, ana ce da shi Onni Niskanen, wanda gwamnatin ƙasar ta ɗauka domin ya riƙa horar da sojoji wasannin motsa jiki. Wannan Bature aikinsa ke nan, da shi yake ci, ba sha'awa ce ta ranar hutu ba. Shi ya lura da Abebe a cikin tarin sojoji, ya ga akwai abin da za a yi da shi a tseren dogon zango, watau wanda Turawa ke kira maraton, mai nisan mil 26 da yadi 385.

Abu na farko da malamin horo ke kawowa shi ne awo. Mai gudu shi kaɗai ba ya sanin iyakarsa, yau ya ji ƙarfi ya wuce kima, gobe ya kwanta da ciwon gwiwa. Malami kuwa yana tsaye da agogo a hannu, yana rubutawa, ya san ranar da za a yi dogon gudu a kan duwatsu, da ranar gajeren gudu mai zafi ana maimaitawa, da ranar da lalle sai an huta. Adis Ababa tana kan tudu, tsayinta ya kai wajen ƙafa 8,000 bisa teku, iska ba ta da kauri a can, saboda haka jinin wanda ya saba gudu a wurin yakan ƙware wajen ɗaukar iska. Wannan baiwa ce ta ƙasa, amma sai da aka sami wanda ya auna ta aka san darajarta. A 1960 Abebe ya yi tseren a Adis Ababa cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, watau ya fi saurin da Emil Zatopek ya yi a wasannin Olimfik na 1952. Niskanen ya riga ya san abin da ke hannunsa tun duniya ba ta ji sunan mutumin ba.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi na farko, shi ne shiri. Da suka isa birnin Rum na ƙasar Italiya, ba su zauna a masauki suna jiran ranar ba. Suka bi hanyar tseren suna dubawa, ina hawa, ina gangara, ina duwatsun daɓe. Kusa da ƙarshen hanya akwai wani dogon ginshiƙin dutse na garin Aksum, wanda sojojin Italiya suka kwaso daga Habasha a 1937. Suka shirya a kan nan ne Abebe zai saki sauran ƙarfinsa. Dubi hikima: an ba mai gudu alamar da ba zai manta ba, an kuma zaɓi wurin da zuciyar kowane Bahabashe za ta motsa. Ginshiƙin nan sai a 2005 aka mayar da shi gida.

Ran 10 ga Satumba, 1960, aka tashi da yamma saboda zafin rana, aka ƙarasa da dare, sojoji na riƙe da jiniya a gefen hanya. Takalman da Abebe ya samu ba su yi masa daidai ba, don haka ya yi gudunsa ba takalmi. Malaminsa ya gargaɗe shi da ya kula da mai lamba 26, wani Bamaroke mai suna Rhadi ben Abdesselam. Ashe mutumin ya sa lamba 185 a ranar. Abebe ya yi ta wuce mutane yana neman 26, alhali kuwa ga shi nan kafaɗa da kafaɗa da shi. Ka ga ke nan malami ba ya sanin gaibu, kuma idan an busa usur ɗalibi ne kaɗai a fage. Duk da haka shirin ya ci, Abebe ya riga Rhadi da daƙiƙa 25, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimfik.

A 1964, saura mako biyar a yi tseren Tokiyo ta Jafan, aka yi masa aikin tiyata a ciki. A irin wannan hali ne mutum ya fi bukatar wanda zai ce masa yau taka a hankali, gobe ƙara kaɗan. Ya sake ci, wannan karo da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya ba na biyu ratar fiye da minti huɗu.

Malaman makaranta da ke kula da wasannin yara su lura, kayan aikin Niskanen ba su wuce agogo da littafi da ido ba. Yaro ba ya ganin yadda yake jefa ƙafarsa, sai na gefe ya gaya masa, laifi tudu ne. Abebe ya yi hatsarin mota a 1969, ƙafafunsa suka shanye, ya rasu a 1973 yana da shekara 41. Niskanen ya rasu a 1984.