Maye a Kan Titi, Hukunci a Sararin Sama

Bahaushe bai raba sunan mai riƙe da sitiyarin mota da na mai zaune a gaban jirgin sama ba, dukkansu matuƙi yake kiran su. Hukumomin sufurin jiragen sama ma a kan wannan fahimtar suke, domin a wurinsu mutumin da aka kama yana tuƙa mota cikin maye a daren Asabar shi ne dai zai ɗauki rayukan jama'a zuwa sama ranar Litinin. Shi ya sa laifin da aka yi a kan titi yake iya cinye takardar shaidar lafiyar matuƙin jirgi, wadda in babu ita lasisinsa ya zama hoto.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan batu ya yi nesa da mu. Maniyyacin da ya taso daga Mainika ko Kabo, ya biyo hanyar Gwarzo zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ya damƙa ransa ne a hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Wanda bai taɓa shiga jirgi ba ma bai tsira ba: jirgin kamfanin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, ya hallaka fiye da mutum ɗari, da yawansu suna cikin gidajensu. Wancan hatsarin ba shi da alaƙa da maye, amma ya nuna mana girman abin da ke hannun matuƙi. Bugu da ƙari, 'ya'yanmu na cikin masu koyon tuƙi a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, matuƙin jirgin fasinja yana sabunta takardar lafiyarsa duk shekara, in ya kai shekara 60 kuwa, duk wata shida. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke bayar da ita ta hannun likitocin da ta amince da su. Binciken ya haɗa da ido da kunne da zuciya, har da tarihin shan giya da ƙwayoyi.

Amurka ce ta fi fayyace yadda ake bi da wannan matsala. A can, matuƙin jirgin da kotu ta samu da laifin tuƙa mota cikin maye, ko aka dakatar da lasisin motarsa saboda haka, dole ne ya sanar da hukumar FAA cikin kwana 60, ya kuma rubuta shi a takardar neman shaidar lafiya. Hukumar kan duba rajistar direbobi ta ƙasa, saboda haka ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ɓoye yana iya rasa duk lasisinsa, har ma a gurfanar da shi. Laifi guda ba ya nufin an kore shi nan take. Ana neman rahoton 'yan sanda da takardun kotu, a duba yawan giyar da aka samu a jininsa; in ta kai kashi 0.15 cikin ɗari, ko ya ƙi yarda a gwada shi, sai a tura shi wurin masana su tantance ko jarabar ta kama shi.

In likitan farko ya hana shi takardar, yana da kwana 30 ya nemi babban likitan hukumar ya sake dubawa. In nan ma aka ƙi, yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar NTSB, inda alƙali zai saurare shi, daga nan kuma akwai kotun tarayya. Sai dai wanda aka tabbatar jaraba ta kama shi ba kasafai hanyar shari'a take fisshe shi ba, domin ƙa'ida tana neman shaidar cewa ya yi shekara biyu bai sha ba. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce shirin HIMS, wanda ƙungiyar matuƙa ta faro a 1974: a yi wa mutum magani, a riƙa gwada shi ba zato ba tsammani, likita da kamfani da abokan aiki su sa masa ido tsawon shekaru, sannan a ba shi takarda mai sharaɗi.

Labarin Lyle Prouse ya isa misali. A watan Maris na 1990 ya tuƙa jirgin kamfanin Northwest daga Fargo zuwa Minneapolis cikin maye. An ƙwace lasisinsa, aka yanke masa ɗaurin wata 16. Da ya fito sai ya faro daga tushe, ya sake cin jarrabawoyin ɗaya bayan ɗaya, kamfanin ya mayar da shi a 1993, ya yi ritaya a 1998 yana kyaftin ɗin Boeing 747, kuma Shugaba Clinton ya yi masa afuwa a 2001.

A nan gida, ranar 13 ga Yuli, 2025, wani jirgin Air Peace da ya taso daga Legas ya sauka daga kan titin sauka a Fatakwal, ba tare da asarar rai ba. Rahoton farko na hukumar bincike ta NSIB ya ce gwaji ya nuna alamar giya a jikin matuƙan biyu. Mataimakin matuƙin ya fito ya musanta, kamfanin kuma ya ce NCAA ta amince ya koma bakin aiki. Jama'a suka rasa zancen wa za su kama, alhali magana irin wannan a gaban likitoci da kwamiti mai zaman kansa ya kamata a warware ta, a sanar da sakamako.

Tamu matsalar a Arewa tana da wani salo. Shan giya abin kunya ne a addinance da al'adance, don haka wanda ya faɗa ciki ɓoyewa yake yi. Ga kuma kodin da tiramol, waɗanda ba su da wari, har sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Matuƙin da ya san cewa faɗin gaskiya zai raba shi da abincinsa har abada ba zai taɓa faɗa ba, zai ci gaba da tashi da jama'a a haka.

Saboda haka ina ganin abu uku suka wajaba. A riƙa isar da duk hukuncin tuƙi cikin maye daga kotuna da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa zuwa ga NCAA. A bayyana wa kowane matuƙi, tun yana ɗalibi a Zariya, matakan ɗaukaka ƙara da wa'adinsu. Sannan kamfanoni da ƙungiyar matuƙa su haɗa hannu wajen magani da sa ido ga wanda ya kawo kansa, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A hana shi tashi har sai ya warke, in kuma ya warke a buɗe masa ƙofa. Allah Ya kiyaye mu a ƙasa da sama, amin.